Wasiƙar Maciji

Abin da na fara lura da shi a Arlit shi ne ƙofofi. Mun shigo garin da la'asar, a cikin jerin motocin da sojoji suka rako daga Agadas, ni da Inna a bayan kamiyo, babbar motar kaya, kan buhunan albasa, ƙafafuna sun mutu tun a hanya. Mutane suna ta nuna wa juna tsaunin ƙasar da aka tono daga ramin ma'adinai, mai kai a shafe kamar an yanke shi da wuƙa. Ni kuwa da muka shiga unguwar da Baba ya kama mana ɗaki, ƙofofi nake kallo. Kusan duk da tano aka yi su, wato gangar ƙarfe da aka fasa aka buge ta ta miƙe, kuma rubutun jikinta yana nan bai goge ba. Wani a kwance, wani kansa ƙasa, wani an yanke harafin biyu, rabinsa ya tafi ƙofar maƙwabci. Tamu shuɗiya ce, da rabin wata kalma da na daɗe ina neman sauranta a unguwar ban samu ba.

Daga Damagaram muka zo. Lokacin tawaye ya sake tashi a duwatsun Abzin, kuma a lokacin ne aka ce ƙarfen uraniyom ya yi tsada a duniya, ana ɗibar ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Baba ya sami aikin tuƙa motar ruwa wurin wani ɗan kwangila, ya riga mu zuwa, sannan ya aiko mu biyo shi. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin gari irin wannan ba, wasu suna ɗaure kaya suna gudu saboda nakiyar da ake binnewa a hanya, wasu suna kwance kaya suna neman ɗaki, kuma duk a tasha ɗaya.

Ni yarinya ce da ba ta magana. A gida ma sai an tambaye ni. A lakwal, wato makaranta, in malami ya kira ni, amsar tana kaina, amma sai in tsaya ina kallon yatsun ƙafata har ya gaji ya ce in zauna. Ido ne dai nake da shi. Na san tagar da ta rasa ƙusa a ajinmu, na san malamin da yake juya safarsa ya sake sawa.

Tsakaninmu da maƙwabciyarmu katanga ce ta tabarma da kwali. Ba'abziniya ce, ta girmi Inna, hannayenta da wuyanta kullum da shunin mayafinta. Mijinta gardi ne, wato mai gadi, a wata mangaza, babban shagon kayan gini. Tanti nake ce mata. Hausarta ba ta san mace ba, kowa a wurinta namiji ne. Ranar farko da ta leƙo ta ce, "Kai, yaron Damagaram, ka zo ka riƙe mini wannan," sai na waiga ina neman yaron. Inna ta yi ta gyara mata har ta gaji, ita ma ta koma amsa sunan "babansa".

Turminta ne ya ɗauki idona. A wuyansa, ƙasa da baki kaɗan, akwai wani zobe da ya yi sulɓi ya yi duhu, irin wanda igiya take bari in ta daɗe tana cin itace. Turmin Inna ba shi da wannan. Ban tambaya ba, kallo kawai nake yi duk lokacin da na shiga, har ita ta gaji.

"Ka cinye mini turmi da ido," ta ce. "Tende ne. Da safe yana daka, da yamma yana waƙa. Da can."

Ta ce ana jiƙa fatar akuya a rufe bakin turmin, a ɗaure ta da igiya a jikin taɓare biyu, mata su zauna a kan taɓaren fatar ta ja, sai a buga. Biki, suna, ko don daɗi kawai. Amma tun da aka fara harbi a dutse, in Abzinawa suka taru aka ji kiɗa, motar sojoji takan zo ta tsaya a bakin layi. Ba a cewa komai, sai kowa ya tuna yana da aiki a gida. Kaset na kiɗan jitar Abzinawa ma in aka same shi a aljihun mutum a shinge, ana iya sauke shi daga mota. Don haka turmin ya koma daka kawai, fatar tana rataye a ɗaki ta bushe kamar kilishi.

A kolej ɗinmu akwai ɗaki guda mai sanyin inji, inda aka jera ordinater, wato kwamfutoci, da wani kamfani ya bayar. Malamin lissafinmu ne yake riƙe da makullin. Mutumin Tawa ne, saurayi dogo, kafaɗar rigarsa kullum da alli. Mushe muke ce masa kamar sauran malamai, amma in aka ce Mushe ba a ƙara komai ba, shi ake nufi. Ran Laraba da yamma, da ba a karatu, yakan buɗe ɗakin ga duk wanda yake so. Yara maza ne suke cika kujeru su kama suri, ɗan abin nan mai wutsiya da ake jan kibiya da shi a kan allon gilashi. Ni ina tsaye a baya ina kallon hannayensu. Sai an fara ƙwallo a fili sun watse sannan in zauna, kujerar da ɗumin wani.

Shi ya koya mana wani irin zane da ban san akwai shi ba. Da farko ya buɗe hoton jaki, ya yi ta ƙara masa girma har idon jakin ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai kamar saƙar tabarmar roba. Sannan ya ja layi ɗaya lanƙwasasshe, ya yi ta ƙara masa girma shi ma. Layin bai fashe ba, bakinsa yana nan kamar na reza.

"Kun gani?" ya ce da Hausarsa ta Tawa. "Hoto, injin na aje shi awa yadda yake, in kun ja shi ya yage. Wanga ko ba hoto na ba. Hanya ɗai injin ka tunawa: tashi daga nan, lanƙwasa haka, tsaya can. Ko bisa tambarin wasiƙa, ko bisa bangon masallaci, hanyar guda ta."

Kowane layi yana da ƙulle-ƙulle a jikinsa, kowane ƙulli da ƙahoni biyu sirara. In ka ja ƙaho layin ya lanƙwasa, in ka saki ya tsaya inda ka bar shi. Kuma in ka yi siffa ɗaya ka gamsu da ita, kana iya sa injin ya maimaita ta, ya jera maka ita har ƙarshen takarda, kamar yadda mai ɗinkin hula yake maimaita ado har ya zagayo. Abin ya shiga raina sosai. Aiki ne da ba wanda zai ce maka ka ɗaga murya.

Ana nan sai aka ce manyan baƙi za su zo daga Yamai saboda sabon ramin da ake shirin buɗewa a kudu da gari. Aka kafa kwamitin tarba. Kwamitin ya ce yana son banderol, dogon ƙyallen da ake ratayawa a mashigar gari, a sa aikin ƴan lakwal a jiki, a kan kaɗe-kaɗen ƙasarmu. Direkte, shugaban kolej ɗin, ya miƙa wa Mushe aikin. Mushe ya tara mu ya ce:

"Kowa ya iya zana ganga, ko ƙanena na goye ya iya. Ba ganga nika so ba. Ku zana min abin da kunne ka ji in an buga ta."

Aka yi ta dariya. Wani ya ce, "Mushe, ai ƙara ba ta da kama."

"Iska na da kama? To in ta wuce bisa rairayi mi kaka gani?"

Wani ya ɗauki kalangu, ya yi layuka masu matsewa a tsakiya su sake buɗewa, kamar yadda muryarsa take hawa da sauka in an matse shi a hammata. Wata ta yi algaita da haƙoran zarto, masu kaifi, ja wur. Goge ya zama zare guda siriri mai rawa. Wani raggo ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce kakaki ne, ya gama. Mushe ya duba ya ce, "Kai raggo na, amma ba ka yi ƙarya ba."

Ni tende nake so, kuma ban taɓa jin sa ba. Na yi ta zagaye Tanti ina wanke mata kwanukan da ba ta ce in wanke ba, na kasa faɗa, har Inna ta gane ta faɗa mata a madadina. Tanti ta tashi. Ta leƙa layi. Ta ce gobe bayan azahar, lokacin da rana take korar kowa ɗaki.

Ta jiƙa fatar tun da safe har ta yi laushi. Ta rufe bakin turmin, igiyar ta faɗa daidai cikin zoben nan mai sulɓi. Ni na zauna a wannan bakin taɓaren, Inna a wancan, tana dariya tana cewa ita dai ba a taɓa mai da ita dutsen danne kaya ba sai a Arlit.

"Ka yi shiru ka danne," Tanti ta ce. "Allah ya ba ka abin dannewa, ka yi aiki da shi."

Ta kifa ƙwarya a cikin roba mai ruwa ta ajiye gefen Inna, ta ba ta silifa ta ce ta riƙa bugawa. Ni aka ba ni tafi. Sannan ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan fatar don kada ƙarar ta tsallake layi. Ko yanzu in na tuna tsumman nan raina yana ɓaci. Mace a tsakar gidanta, da turminta, da rana tsaka, tana toshe bakin kiɗanta kamar mai sata.

Ta fara bugawa. Kafin kunnena ya ji, ƙasusuwana sun ji, don ta taɓaren ƙarar take bi ta shigo jiki. Kowane bugu zagayayye ne, yana buɗewa kamar in an jefa tsakuwa a randa, amma a tsakiyarsa akwai wani abu mai tauri, inda tafin hannu ya sauka. Ƙwaryar Inna ita ma zagayayya ce, amma cikinta fanko. Tafina kuwa gajere ne, hannu biyu sun gicciye sun rabu. Bugu uku, tafi. Bugu uku, tafi. Tanti tana waƙa ƙasa-ƙasa, idonta a rufe, fuskarta ta koma ta wata mace da ban sani ba, wadda ta fi ta yarinta. Ba a daɗe ba ta tsaya, ta kwance igiya, ta ce, "To, ya isa. Ka ji abin da ka ji."

Ran Laraba na fara da igiyoyi masu hawa da sauka irin na mai kalangu, don na ga an yaba masa. Na dube su na ga ƙarya ne, turmin Tanti ba ya hawa ba ya sauka, faɗowa yake yi wuri ɗaya. Na share. Na yi da'ira da ɗigo a tsakiya, bugun turmi ke nan. Na jera uku, na sa gicciye, tafi ke nan. Na sa injin ya maimaita. A ƙasa na jera ƙananan da'irori marasa ɗigo, ƙwaryar Inna. Inda Tanti take ƙara ƙarfi na ja da'irar ta yi girma, inda take sassautawa na rage ta. Na nemi launin shunin hannunta, na daɗe ina gwadawa kafin in sami wanda ya yi kusa. Ban san Mushe yana bayana ba sai da na ji yatsunsa a kan tebur. Yana kallon allon yana bugawa, uku ya tsaya, uku ya tsaya, yana ƙara ƙarfi inda da'irar ta girma.

"Wanga tende na," ya ce. Ban gaya masa ba, ban gaya wa kowa ba. "Ina kinka ji shi, ke da ba ki hita?"

Ya ce nawa za a sa a tsakiyar banderol. Da gudu na koma gida, na gaya wa Tanti kiɗanta zai hau ƙyalle a mashigar gari, kowace da'ira za ta kai tayar mota girma, duk wanda ya shigo sai ya bi ta ƙarƙashinsa.

"Turmina zai gaida minista?" Ta yi dariya ta ce ƙarya nake. Amma da yamma na ji ta ta cikin tabarma tana ba wasu mata labari da yarensu, na tsinci kalmar tende da kalmar banderol. Daga ranar, in na dawo lakwal sai ta leƙo ta ce, "Yaron Damagaram, an rataye ni?"

Mushe ya buga zanukan a takarda, aka jera su a teburin direkte don mutumin kwamiti ya gani. Aka kira mu, mu masu zanen, muka tsaya a jikin bango. Mutumin ya zo da shadda mai ƙara, da salula biyu a hannu ɗaya, turarensa ya riga shi shiga. Ya bi takardun yana gyaɗa kai. Ya yaba algaita, ya yi dariyar kakaki. Da ya zo kan tawa sai ya tsaya. Ya juya ta a kwance. Ya juya ta kanta ƙasa. Sannan ya ce:

"Wa ya rubuta wannan?"

Rubuta ya ce, ba zana ba. Na lura da kalmar tun kafin in gane abin da take ɗauke da shi.

Direkte ya nuna ni. Mutumin ya tambaye ni sunan babana, da garinmu, da inda Baba yake aiki. Na amsa a hankali har sai da direkte ya riƙa maimaita masa.

"Bahaushiya ce," direkte ya ƙara da sauri. "Ƴar Damagaram."

"To wa ya ba ta rubutun Buzaye?"

Abzinawa, wato Buzayen da yake nufi, suna da haruffansu na gado, waɗanda ake gani a jikin duwatsu da bayan kayan azurfa, kuma yawancinsu da'ira ne da ɗigo da gicciye da sanda. Ni a lokacin ban san ko ɗaya ba. Mushe ya yi bayani, ya ce kiɗa ne, ya ɗora yatsu a tebur zai buga musu. Mutumin ya ɗaga hannu.

"Mushe, lissafi aka kawo ka koyarwa. Ka san lokacin da muke ciki? A rataye wannan a gaban baƙi, ga ƴan jarida, ga masu hoto, sannan gobe a ce saƙo ne aka aika wa mutanen dutse? Kai za ka amsa ko ni?"

"Da'ira ta, ranka shi daɗe. Da'ira da ɗigo."

"Haka suke farawa," in ji mutumin, kuma har yau ban san abin da yake nufi ba.

Ba shi ba, ba direkte ba, ba wanda ya iya karanta haruffan a cikinsu. A jikin bangon nan, kusa da ni, akwai yarinyar da ta zana goge. Ba'abziniya ce, na san ta iya su, don na taɓa ganin ta tana yin irinsu a ƙasa da tsinke lokacin hutu. Ba wanda ya tambaye ta. Ita kuma ta kafe idonta a siminti. Ban ga laifinta ba, ko a ranar. Direkte ya sa takardata a durowa ya kulle, ya ce zai bincika.

Da na koma gida na shiga wurin Tanti, na share ƙasa da tafin hannu na sake mata zanen da yatsa. Na ce an ce rubutunku ne. Ta sunkuya tana bin sa.

"Sss-t," ta ce. "Sss-t. Sss-t." Ta sauka layin ƙasa. "Rrrrr."

Ta dube ni, ta sake duban ƙasa, sai dariya ta ƙwace mata har ta zauna dirshan tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ƙwala wa Inna kira ta cikin tabarma. "Ka zo ka ga yaronka! Ya rubuta wa maciji wasiƙa!" Ashe da'ira mai ɗigo a rubutunsu ita ce S, gicciye T, da'ira fanko kuma R. Babu kalma ko ɗaya a ciki, sai huci.

Na ce to ta zo lakwal ta faɗa musu haka. Dariyar ta tsaya. Ta sa tafin hannu ta shafe ƙasar, ta sake shafewa, har ba alamar komai.

"In na je na ce na iya, sai su ce to ga wanda ya koya wa yaron. Tsohona yana da aikin gadi. Ana korar gardi da abin da bai kai wannan ba." Ta karkaɗe hannunta. "Ba a rataye ni ba ke nan."

Da Baba ya dawo Inna ta ba shi labari. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, sun tambayi inda nake aiki?"

Na ce e. Ya daɗe yana wanke hannun da ya riga ya fita.

"Ki bar musu. Zane ne kawai."

Na san tsoro ne, na san motar ruwan nan ita ce tuwonmu. Amma kalmar nan "kawai" ta tsaya mini a rai, na ƙi cin abinci, aka ɗauka zazzaɓi ne aka ba ni ƙwaya.

Mushe bai saki ba. Ya ce ai amfanin irin wannan zanen ke nan, ba sai an sake daga farko ba, ƙulli kawai za a ja siffa ta canza. Ya roƙi direkte ya zo ɗakin ordinater ya zauna, mu gyara a gabansa har ya gamsu. Direkte ya zo. Binciken da ya yi shi ne ya samo wani tsohon katin ƴan yawon buɗe ido, mai hoton dutse a gaba da haruffan Abzinawa a baya, ya riƙe shi kusa da allon yana gwadawa.

Na cire ɗigon tsakiya. Ya duba kati ya ce wannan ma harafi ne. Na ja ƙulle-ƙullen da'irar ta zama murabba'i, ya ce ga mai kama da shi nan. Na bar ɗigon shi kaɗai. Harafi ne. Na share gicciye na sa sanda a tsaye, harafi ne, na sa biyu, wani harafin ne daban. Duk siffar da yaro zai fara yi in an ba shi alli, mutanen nan sun riga sun mai da ita harafi tun kafin a haifi kakannin direkte. Kuma duk lokacin da na canza, kiɗan yana mutuwa a idona. Murabba'i ba ya ƙara irin ta turmi, ƙarar akwati yake yi.

"Kuma an gaya mini," direkte ya ce, "rubutunsu ba shi da wasali. Mai karatu ne yake cusa nasa. Ke nan kowace magana tana iya fitowa daga ciki."

"Mushe direkte," in ji Mushe, muryarsa ta yi sanyi irin na mai danne fushi, "alamar tarawa da nika rubutawa ga allo kullum, ga ta nan cikin katinka. Zero ma ga shi. In daina koya musu tarawa?"

Ƴan ajinmu da suka taru a taga suka kwashe da dariya, kuma dariyar nan ce ta ƙarasa mu. Direkte ya miƙe ya sa katin a aljihu. Ya ce ya ga alama ɗakin nan ya fara koya wa mutane rashin kunya, babba da yaro. Ya ce ko a goge abin nan daga cikin injin gaba ɗaya, ko ya karɓi makulli ya sanar da na sama da shi irin abin da ake yi ran Laraba. Kuma ni zan goge da hannuna, gobe, a gaban mutumin kwamiti, don a ce ɗaliba ce ta yi kuskure ta gyara.

Bayan ya fita Mushe ya yi ta danna komawa baya har da'irorina suka dawo da ɗigonsu. Ya ce in za a kashe zanen a kashe shi da kamarsa. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Na girma yanzu, na yi aiki a ofisoshi, na ga yadda tsoro yake mai da babban mutum ƙarami. Na san direkte yana da iyali. Na san a lokacin akwai mutanen da aka ɗauke a kan zargin da bai kai wannan ba. Duk na sani, kuma bai rage mini komai ba. Su suka ce suna son kiɗan ƙasarmu. Matar nan a ƙasar aka haife ta, kakanninta suna kiwo a wurin tun ba a tona rami ko ɗaya ba. Ita ce ta toshe bakin turminta don kada ta dami kowa, sannan ko inuwar kiɗan nata, marar ƙara, a jikin ƙyalle, ta yi musu yawa. Da sun ce zanen ba shi da kyau da na haƙura, na yi kuka na manta. Cewa suka yi magana ce, suka yanke mata hukunci, ba su ji abin da ta ce ba kuma ba su nemi ji ba.

An goge zanen. Banderol ta hau ran da baƙi suka zo, algaita a hagu, kalangu a dama, a tsakiya kuma hoton raƙumi da ba ɗalibin da ya zana shi. Tanti ba ta je kallo ba, ba ta kuma sake leƙowa ta tambaye ni ba.

Amma ranar gogewar, ga yadda aka yi. Mutumin kwamiti yana tsaye yana duba salula, direkte hannu a baya, Mushe a jikin taga yana kallon fili. Na zauna, na ja suri na kewaye zanen duka, ƙulle-ƙullensa suka fito, kowace da'ira da nata. Saura in danna maɓalli guda. Ban danna ba. Na juya a kan kujera na dubi direkte a fuska, har mutumin kwamiti ya ɗago kai daga salularsa.

"Mushe direkte, zan goge," na ce. "Amma don Allah, tunda kun ce rubutu ne, kafin in danna ka karanta mini abin da na rubuta. Da ƙarfi, in ji."